'Yan Naksal na Indiya: Tambayoyi da Amsoshi kan Yaƙin da Ya Haura Shekara Hamsin

Indiyar da yawancinmu muka sani ita ce ta fina-finai da manyan asibitoci da jami'o'i. Amma a tsakiyar ƙasar akwai dazuzzuka inda aka haifi mutane, suka girma, suka tsufa, ba su taɓa sanin shekarar da ba a jin ƙarar bindiga ba. Wannan shafi ya tattaro tambayoyin da mai karatu kan yi idan ya ji an ambaci 'yan Naksal a labarai.

Su wane ne 'yan Naksal, kuma daga ina sunan ya fito?

'Yan kwaminis ne masu bin tafarkin Mao Zedong na ƙasar Sin, waɗanda suka yi imani cewa talaka ba zai taɓa karɓar mulki ta akwatin zaɓe ba, sai ta bakin bindiga. Sunan ya samo asali daga Naksalbari, wani ƙauye a gundumar Darjeeling ta jihar Bengal ta Yamma, dab da iyakar Nepal, yankin gonakin shayi da shinkafa.

A can, manomi kan noma gonar mai ƙasa, wanda suke kira jotedar, in an yi girbi a raba. Sau da yawa mai gonar ya ɗauki rabi ko fiye, ya cire bashin iri da ruwansa, kuma duk ranar da ya ga dama ya kori manomin. A farkon 1967 manoma suka fara shiga gonaki suna kafa jar tuta suna kwashe amfani, makamansu kwari da baka da mashi. Ranar 24 ga Mayu kibiya ta kashe wani sufeton 'yan sanda mai suna Sonam Wangdi. Washegari 'yan sanda suka buɗe wuta kan taron mutanen ƙauye, suka kashe mutum 11, akasarinsu mata, har da yara biyu. Cikin 'yan watanni aka murƙushe boren, amma sunan ƙauyen ya riga ya shiga bakin duniya.

Daga wace jam'iyya suka ɓalle?

Ɓallewar sau biyu aka yi ta. Uwar jam'iyyar kwaminis ta Indiya, CPI, tana lissafin kafuwarta daga taron Kanpur na 1925. Da Tarayyar Sobiyet da Sin suka raba gari, sannan Indiya da Sin suka gwabza yaƙi a 1962, sai saɓanin cikin gida ya fito fili: a haɗa kai da jam'iyyar Congress mai mulki ko a ja daga da ita? A 1964 masu tsattsauran ra'ayi suka fice suka kafa tasu jam'iyyar kwaminis ɗin, CPI-M.

Abin da ya haifi ɓallewa ta biyu shi ne ya fi ciwo. A 1967 ita CPI-M ɗin tana cikin gwamnatin haɗaka ta Bengal ta Yamma, jagoranta Jyoti Basu shi ne mataimakin babban ministan jihar. Masu jagorantar boren Naksalbari kuwa, wato Charu Majumdar da Kanu Sanyal da Jangal Santhal, 'yan jam'iyyar ne. Ke nan gwamnatin da jam'iyyarsu ke ciki ce ta turo 'yan sandan da suka harbe matan ƙauyen. Jam'iyya ta kori masu boren, su kuma suka kira shugabanninta maciya amana. Ranar 22 ga Afrilu 1969, ranar tunawa da haihuwar Lenin, suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna CPI-ML, Kanu Sanyal ya shelanta ta a gangamin ranar ma'aikata a Kalkata.

Me suke so?

A rubuce, sun ce 'yancin da Indiya ta samu a 1947 na jeka-na-yi-ka ne, ƙasar tana hannun masu filaye da manyan 'yan jari hujja da iyayen gidansu na waje. Maganinsu shi ne dogon yaƙin talakawa: a kafa sansani a karkara, a faɗaɗa, a yi wa birane ƙawanya, a ƙwace mulki. Zaɓe a wurinsu yaudara ce, shi ya sa duk lokacin zaɓe suke kiran a ƙaurace.

Mutanen ƙauyen da suka bi su kuwa, ƙalilan ne suka damu da yi wa Delhi ƙawanya. Abin da ke bakinsu kalma uku ne na harshen Hindi: jal, jangal, zamin, wato ruwa da daji da ƙasa. Wannan tazara tsakanin burin shugabanni da buƙatar mabiya, a ganina, ita ce mabuɗin fahimtar duk tarihin ƙungiyar, da ƙarfinta da faɗuwarta.

Sin ce ta ɗauki nauyinsu?

Goyon bayan baki ta ba su. A watan Yulin 1967 jaridar jam'iyyar kwaminis ta Sin ta kwatanta boren da tsawar bazara a sararin Indiya, wannan ya ƙara wa Charu Majumdar ƙwarin gwiwa har mabiyansa suka riƙa rubuta a bangon Kalkata cewa shugaban Sin shi ne shugabansu. Da wakilinsu Souren Bose ya je Beijing a 1970, Firaministan Sin Zhou Enlai da kansa ya soki wannan take da salon kisan da suka ɗauka. Bayan mutuwar Mao a 1976, Sin ta kama wata hanya dabam, 'yan Naksal ma suka koma zaginta. Makamansu yawanci na 'yan sandan Indiya ne da suka ƙwata, sai waɗanda suke ƙerawa a daji da nakiyoyin da ake samowa daga wuraren fasa dutse da haƙar ma'adinai.

Me ya karya zangon farko na tawayen?

Charu Majumdar ya fito da abin da ya kira kawar da maƙiyan talaka: ƙaramin gungu ya je ya kashe mai ƙasa ko mai ba da bashi da ruwa ko ɗan sanda, da wuƙa ko adda, wai hakan zai cire wa talaka tsoro. Ɗaliban manyan kwalejojin Kalkata, 'ya'yan masu hali, suka bar karatu suka tafi ƙauyuka. A cikin birnin kuma aka shiga farfasa mutum-mutumin fitattun mutane, ana ƙona makarantu, ana daɓa wa 'yan sandan kan hanya wuƙa. Ƙungiyoyin manoma da na ƙwadago, waɗanda su ne tushen komai, aka yi watsi da su.

Martanin gwamnati ya zo da rashin imani. A 1971 aka haɗa soja da 'yan sanda aka tsefe gundumomi, aka cika gidajen yari, aka riƙa harbe samari a ce arangama aka yi. A unguwannin Cossipore da Baranagar na Kalkata, cikin watan Agustan shekarar, an yi wa matasa da dama kisan gilla. Boren Srikakulam a jihar Andhra Pradesh ma an riga an murƙushe shi. Aka kama Charu ranar 16 ga Yuli 1972, ya mutu a hannun 'yan sanda ranar 28 ga watan. Jam'iyyarsa ta tarwatse gida-gida, kowane ɓangare na cewa shi ne magajin gaskiya.

To ta yaya wutar ta sake tashi bayan an kashe ta?

Nan ne labarin ya bar Bengal ya shiga daji. A 1980 wani malamin makaranta, Kondapalli Seetharamaiah, ya kafa ƙungiyar People's War a Andhra Pradesh, ya tura ƙananan rundunoni su tsallaka kogin Godavari zuwa dajin Dandakaranya, wanda zuciyarsa ita ce Bastar a jihar Chhattisgarh ta yau. Da farko mafaka suka je nema. Abin da suka tarar shi ya zaunar da su.

Mazauna dajin su ne Adivasi, ƙabilun asali irin su Gond, waɗanda a ƙidayar 2011 jimillarsu a faɗin Indiya ta haura miliyan 104. Dokokin gandun daji tun na zamanin Turawan Ingila sun mai da dajin mallakar gwamnati, wanda kakanninsa suka rayu a ciki ya wayi gari shi ne mai kutse. Malamin daji zai iya cin tarar mace don ta yi itace, ya ƙwace garma, ya kama akuya ko kaza a madadin tara. Ga kuma ganyen tendu, wanda ake naɗe tabar bidi da shi. A tsakiyar zafin bazara mata da yara kan fita tun da asuba su tsinko ganyen, su zauna su jera shi ɗaya bayan ɗaya, su ɗaure ƙulli-ƙulli, su shanya a rana, sannan ɗan kwangila ya zo ya saya a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. 'Yan Naksal suka haɗa kan masu tsinka suka yi yajin aiki, farashi ya tashi. Suka kori malaman daji, suka raba filayen noma. Wanda ya ga mutumin da ke marinsa shekara da shekaru ya zo yana ba da haƙuri a gaban jama'a, ba sai an karanta masa littafin Mao ba kafin ya ba da ɗansa. Mutanen dajin suna kiransu dada, a yankin masu jin harshen Telugu kuma anna, duka ma'anarsu yaya.

A jihar Bihar kuwa wata ƙungiyar masu bin tafarkin Mao ce, MCC, ta yi ƙarfi, kuma a can rikicin ya cakuɗe da tsarin fifikon asali na Hindu. Masu filaye suka kafa rundunoninsu. A 1992 MCC ta yanka mutum fiye da 30 'yan babban asali a ƙauyen Bara. A Disambar 1997 rundunar masu filaye ta Ranvir Sena ta kashe 'yan Dalit 58, wato waɗanda tsarin ya ajiye a can ƙasa, a ƙauyen Laxmanpur Bathe, mata da yara a ciki. Ranar 21 ga Satumba 2004 People's War da MCC suka haɗe suka zama CPI-Maoist ƙarƙashin babban sakatarenta Ganapathy. Ita ce ƙungiyar da ake nufi yau idan an ce 'yan Naksal.

Yaya ƙarfinsu ya kai a lokacin da suke ganiya?

A 2005 sun afka garin Jehanabad na Bihar, suka fasa gidan yari suka saki fursunoni fiye da 300. A 2006 Firaminista Manmohan Singh ya bayyana su a matsayin babbar barazanar tsaron cikin gida da ta fi kowace. Gwamnatin tarayya ta haramta ƙungiyar a 2009 ta kuma ƙaddamar da gagarumin farmaki. Ranar 6 ga Afrilu 2010 suka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a Dantewada ta jihar Chhattisgarh suka kashe 76 a safiya ɗaya. A wannan shekarar, alƙaluman gwamnati sun nuna fararen hula da jami'an tsaro 1,005 ne suka mutu. A Mayun 2013 suka tare ayarin shugabannin jam'iyyar Congress a kwarin Darbha na Chhattisgarh suka hallaka manyanta na jihar. A tsaunukan Abujhmad na yankin Bastar, inda a lokacin gwamnati ba ta ko taɓa auna filaye ba, sun kafa tasu hukumar da suke kira Janatana Sarkar, da makarantu da kotuna da masu karɓar haraji daga 'yan kwangilar tendu da na hanya da kamfanonin ma'adinai.

Shin kamar Boko Haram suke, ko 'yan bindigar daji?

Kamar ta tsaya ga zaman daji da kwanton ɓauna. Ba su da da'awar addini, kuma ba satar shanu ko neman kuɗin fansa ne ya tara su ba. Idan sun sace babban jami'i, kamar shugaban gundumar Sukma da suka kama a 2012, sakin fursunoninsu suke nema. Jam'iyya ce mai kwamitin tsakiya da kundin aƙida, kuma mata suna da yawa a cikin mayaƙanta.

Ashe ke nan masu kare talaka ne?

Wanda ya faɗi haka bai ji ta bakin iyalan waɗanda aka yanka ba. Kotunsu ta jama'a, jan adalat, kan tara mutanen ƙauye a fili, a fito da mutum a ce yana kai wa 'yan sanda rahoto, a yanke hukunci nan take a kashe shi a gaban matarsa da 'ya'yansa. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara, kuma akasarin waɗanda aka kashe ta wannan hanya Adivasi ne matalauta. Sun rusa gine-ginen makarantu da hujjar cewa jami'an tsaro na kwana a ciki, sun kashe zaɓaɓɓun shugabannin ƙauye, sun hana gina hanyoyi, sun ɗebi yara ƙanana. Nakiyar da aka binne don motar 'yan sanda ba ta tambayar ƙafar wanda ya taka. Mata masu tsintar furen itacen mahua da shanu sun sha faɗawa. Kuma harajin da suke karɓa daga kamfanoni ya sa a wurare da dama sun zauna lafiya da waɗanda suka ce sun zo kora.

Mene ne Salwa Judum, kuma me ya sa ake yawan ambatonta?

Idan da abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan tarihi, to wannan ne. A 2005 aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Salwa Judum a kudancin Bastar ƙarƙashin Mahendra Karma, ɗan siyasa kuma shi kansa Adivasi, da goyon bayan gwamnatin jiha. Aka ɗebi samari, wasu ba su ko balaga ba, aka ba su bindiga da ɗan albashi da sunan 'yan sanda na musamman. Ƙauyen da ya ƙi tashi ya koma sansanin bakin titi, sai a ɗauke shi ƙauyen 'yan Naksal: a ƙona bukkoki da rumbuna, a kashe, a yi wa mata fyaɗe. Ƙauyuka 644 aka lissafa abin ya shafa, mutum kusan 50,000 suka ƙare a sansanoni, wasu dubbai suka tsere zuwa Andhra Pradesh.

Ka duba halin magidanci a lokacin. In ya tafi sansani, 'yan Naksal su ce ya bi gwamnati, kuma sun kai hari sansanin Errabore a 2006 sun kashe mutane da dama. In ya zauna a ƙauyensu, 'yan sa-kai su ce ɗan tawaye ne. Gaba kura, baya sayaki. Wa da ƙani suka samu kansu a ɓangarori biyu, ɗaya na nuna wa jami'ai hanyar gidan ɗaya. Sakamakon kuwa, ƙungiyar da aka so a karya sai ta samu sababbin mayaƙa fiye da kowane lokaci, samarin da suka ga an ƙona gidajensu. A Yulin 2011 Kotun Ƙolin Indiya, a ƙarar da malamar jami'a Nandini Sundar da wasu suka shigar, ta yanke cewa bai wa waɗannan samari makamai ya saɓa wa tsarin mulki, ta ba da umarnin a rusa tsarin. Mahendra Karma yana cikin waɗanda aka kashe a Darbha bayan shekara biyu.

Jami'an gwamnati na asali ma hannunsu ba a wanke yake ba. A ƙauyen Sarkeguda na Chhattisgarh, a Yunin 2012, an harbe mutum 17 da dare aka ce 'yan tawaye ne. Kwamitin shari'a da ya bincika ya gano babu shaidar hakan, mutanen ƙauye ne, har da yara. Tambarin Naksal ya kuma bi mutane har birni. Malamin jami'a G.N. Saibaba, wanda ke kan keken guragu, ya shafe shekaru a kurkuku kafin kotu ta wanke shi a Maris 2024, ya rasu bayan wata bakwai. Limamin Katolika Stan Swamy, mai fafutukar haƙƙin Adivasi, ya mutu a tsare a 2021 yana da shekara 84, ba a kai ga yi masa shari'a ba.

Duk 'yan Naksal ne suka zauna kan bindiga?

A'a. Ɓangaren CPI-ML Liberation ya fito fili ya shiga zaɓe, ya ci kujeru 12 a majalisar jihar Bihar a 2020 da kujeru biyu a majalisar tarayya a 2024. Kanu Sanyal, wanda ya shelanta jam'iyyar da bakinsa, ya yi tir da siyasar kisan ɗaiɗaikun mutane, ya ƙare rayuwarsa a ɗan ƙaramin gida kusa da Naksalbari yana haɗa kan ma'aikatan gonakin shayi har rasuwarsa a 2010.

Akwai kuma abin lura a Bengal ɗin kanta. Da gwamnatin 'yan hagu ƙarƙashin CPI-M ta hau a 1977, ta yi rajistar manoma masu noman a-raba kusan miliyan ɗaya da rabi, doka ta hana a kore su, ta kuma ƙayyade kasonsu. Daga nan tawayen bai sake yin tasiri a Naksalbari ba. A Niyamgiri ta jihar Odisha, majalisun ƙauyuka 12 na ƙabilar Dongria Kondh sun ƙi amincewa da haƙar ma'adini a dutsensu a 2013 bisa umarnin Kotun Ƙoli, aikin ya tsaya ba tare da an harba harsashi ba. Na fi ganin nasarar talaka a waɗannan wurare biyu fiye da duk kwanton ɓaunar da aka yi a Bastar.

Me ya durƙusar da ƙungiyar a 'yan shekarun nan?

Abubuwa ne suka taru. Andhra Pradesh ta kafa runduna ta musamman mai suna Greyhounds tun 1989, wadda ta koyi yaƙin daji, bayan rushewar tattaunawar sulhu ta 2004 kuma ta fatattaki ƙungiyar daga mahaifarta. A Chhattisgarh aka riƙa kafa sansanonin tsaro ɗaya gaba da ɗaya zuwa tsakiyar daji, ana biye da su da titi da turakun waya, aka kuma ɗauki tubabbun mayaƙa da samarin yankin cikin wata rundunar 'yan sanda mai suna DRG, mutanen da suka san kowace hanya da harshen Gondi. Shugabanni suka tsufa, ɗaliban birni suka daina zuwa, yaron dajin da ya riƙe waya ya ga wata rayuwa. Gundumomin da gwamnati ke lissafawa a matsayin masu fama da rikicin sun sauko daga 126 zuwa 90 a 2018, zuwa 70 a 2021, zuwa 38 a 2024.

Ministan cikin gida Amit Shah ya sa wa'adin 31 ga Maris 2026 don gamawa da su. A 2024 an kashe mayaƙa fiye da 200 a Chhattisgarh kaɗai. Ƙungiyar ta nemi a tsagaita wuta a tattauna a 2025, gwamnati ta ce sai sun ajiye makami. Ranar 21 ga Mayu 2025 aka kashe babban sakatarenta Basavaraju, wanda ya gaji Ganapathy a 2018, a dajin Abujhmad tare da wasu 26. A Oktoba ɗaya daga manyan masu tsara aƙidarta, Mallojula Venugopal Rao, ya miƙa wuya a Gadchiroli ta jihar Maharashtra da mutum 60, kwanaki kaɗan bayan haka wasu fiye da 200 suka ajiye makamai a garin Jagdalpur na Bastar. A Nuwamba aka kashe Madvi Hidma, kwamandan da ya fi kowa suna, ɗan Adivasi daga ƙauyen Puvarti.

In bindiga ta yi shiru, matsalar ta ƙare ke nan?

Tsugune ba ta ƙare ba. Ƙarƙashin dazuzzukan nan akwai ƙarfe da kwal da bokzait, wato ma'adinin alminiyam, kuma titin da ya kawo likita da malami shi ne zai kawo motocin kamfani. Indiya tana da dokoki masu kyau a takarda: dokar 1996 da ta bai wa majalisar ƙauye murya a yankunan ƙabilu, da dokar haƙƙin daji ta 2006 da ta amince a rubuce cewa an zalunci mazauna daji tun da daɗewa. Kwamitin ƙwararru da hukumar tsare-tsaren ƙasar ta kafa ya faɗa a 2008 cewa rashin ƙasa da korar mutane daga muhallinsu da wulaƙanci su ne ke ciyar da tawayen. Amma buƙatun mallakar daji masu ɗimbin yawa an yi watsi da su, a dajin Hasdeo na Chhattisgarh ana sare itatuwa don haƙar kwal duk da zaman dirshan da mazauna suka daɗe suna yi, a ƙauyen Silger na Bastar kuma an harbe mutum uku a 2021 suna zanga-zangar ƙin kafa sansanin tsaro a filinsu.

Waɗanda Salwa Judum ta kora a 2005 da 2006 kuwa, dubbansu na zaune a gefen dazuzzukan Telangana da Andhra Pradesh, inda ake kiransu Gutti Koya. Hukumomin can ba su lissafa su cikin ƙabilun jihar ba, malaman daji kan zo su rushe musu bukkoki su dasa itatuwa a gonakinsu, kuma 'ya'yan da suka haifa a gudun hijira sun yi aure ba su taɓa ganin ƙauyukan iyayensu ba.